Masarar da ta Fitar da Kai ba da Izinin Farfesa ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya tara mu a wannan zaure, kuma Shi ne Ya san abin da kowannenmu ya shigo da shi a zuciya.

Mai girma shugaban taro. Mai girma Farfesa, Daraktan wannan cibiya tamu ta binciken amfanin gona kuma gwarzon wannan rana, wanda albarkacinsa aka share harabar nan har da bayan ɗakin janareto, inda tsintsiya ba ta taɓa leƙawa ba tun da aka ɗauke ni aiki. Mai girma Dakta, shugabar ɗakin gwaji. Manyan baƙin da suka taso daga nesa, da manyan baƙin da suka sauko daga bene. 'Yan jarida masu riƙe da na'urori, waɗanda nake roƙo kada su kashe su tukuna. Abokan aikina ma'aikatan fili, da aka raba wa sababbin riguna jiya bisa sharaɗin a mayar da su gobe a wanke. Iyayena maza da mata, 'yan'uwana, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a kira shugaban ma'aikatan fili ya ce wani abu, aka kuma ware masa minti goma cif, bayan masu jawabi bakwai da kowannensu aka ware masa minti goma ya ci arba'in. Ina gode musu da wannan lambar yabo ta katako da gilashi da aka miƙa mini ɗazu, wadda aka zana a jikinta cewa an ba ni ita ne saboda gaskiya da sa ido wajen rubuta sakamakon fili. Nauyi gare ta ƙwarai. Da izinin shugaban taro zan ajiye ta a nan gefe.

Kafin in shiga maganata, bari in gaya muku inda za ta ƙare, don kada wani ya ce na ja shi da nisa ban faɗa masa hanya ba. Akwai wata ma'aikaciya a wannan cibiya, yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, abokan aiki suna ce mata Mai Fensir. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya. A cikin fayil ɗinta akwai takardun gargaɗi guda uku da suka ce ita mai sakaci ce, mai rubuta abin da ba ta gani ba, kuma dokar aikinmu ta ce duk mai takarda uku ba a ba shi shaidar kyakkyawan aiki, ana dai buɗe masa ƙofa ne ya wuce. Abin da ya tsayar da ni a gabanku ke nan. Ina so a janye takardun nan uku kafin a kwashe kujerun wannan taro. Magana biyar ce da ni, wata gajera, wata ba gajera ba.

Magana ta farko ita ce masarar kanta, domin na lura tun safe ana ta yabon ta da yaren masana, su kuma waɗanda suka shuka ta suna ta tafi ba su san abin da suke wa tafi ba.

Ya jama'a, masara 'yar ƙasar zafi ce. Masana sun ce dubban shekaru da suka wuce wata ciyawa ce mai 'yan ƙwayoyi masu tauri, mutane suka yi ta zaɓa suna shukawa, suna zaɓa suna shukawa, har ta zama abin da muka sani. A inda ta taso, dare da yini ba su da wani babban bambancin tsawo duk shekara, ita kuma ta saba da haka. Tana lura da tsawon yini, idan ya yi mata daidai sai ta fitar da kai, wato tuntun nan na ƙololuwarta mai zubar da bununi, sai gemu ya fito, sai ta yi goyo. To da mutane suka ɗauke ta suka nausa da ita ƙasashen sanyi, inda a lokacin noma rana kan yi awa goma sha biyar ko sha shida ba ta faɗi ba, sai masara ta rikice. Tana jira yini ya gajarta, yini ya ƙi gajarta. Ta yi ta tsawo, ta yi ta ganye, har ta kere ɗaki, amma babu kai babu goyo, kuma kafin ta yanke shawara sanyi mai ƙanƙara ya sauko ya kashe ta a tsaye. Tsawo da ganye babu goyo: na san ma'aikata irin haka, kuma wasunmu an yi mana ƙarin girma.

Amma cikin masara mai yawa akan sami wadda ba ta damu da tsawon yini sosai ba, ta fitar da kanta da wuri, ta nuna kafin sanyi. Manoman can, waɗanda ba su da ɗakin gwaji, ba su da kwamiti, ba a kuma taɓa miƙa musu lambar yabo ba, suka riƙa ajiye irin waɗannan shekara bayan shekara, har masara ta zama 'yar gida a wurin da ya kamata ya zama kabarinta. Yau masana sun iya karanta rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin halittarta, sun ga dalili. Ba wuri ɗaya ba ne, wurare ne da yawa, kowanne yana rage kwana ɗaya ko ƙasa da haka. Sai dai akwai 'yan wurare masu ƙarfi, inda wani guntun rubutu ya yi tsalle daga mazauninsa ya faɗa kusa da ƙwayar gadon da ke ce wa masara ta dakata, sai muryar ƙwayar ta yi ƙasa, masara ta daina jin umarninta. Sau uku Dakta ta yi mini wannan bayani, idan na karkata shi laifin kaina ne. Abin da ake biki yau shi ne cibiyarmu ta gano ƙarin wuri ɗaya irin wannan, a jikin wani iri da muke kira layi na ɗari da sha takwas.

Magana ta biyu ita ce yadda muke aiki, don na san akwai manyan da suka yi shekaru a nan amma ta tagar mota suka san filinmu.

Mu ba mu da yini mai awa sha shida, saboda haka ƙera shi muke yi. Mun kafa turakun ƙarfe a fili, mun ja waya, mun rataya ƙwayayen lantarki a saman shuka. Da rana ta faɗi sai a kunna su na awa huɗu, masara ta ɗauka har yanzu yini ne. Layi ɗari uku, kowane layi iri daban, kowane layi ƙafa ashirin, wato tushen masara ashirin. Kullum da safe mai rubutu za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, raɓa tana jiƙa ta har ƙugu, ganye yana yankan damtsenta, ta tanƙwaro kan masara ta kaɗa shi a kan ɗan baƙin kwali ta ga ko bununi ya zuba. Ranar da rabin layi suka zubar, sai ta rubuta kwana nawa ke nan daga shuka. Da fensir ake rubutun, saboda biro yana zubewa idan takarda ta jiƙe. Masu ilimi sun ce wannan ba aikin ilimi ba ne, aikin ƙafa ne da ido, kuma gaskiya suka faɗa. Illa dai duk lissafin da na'urorinsu suke yi a cikin sanyin ofis, a kan wannan lamba ta fensir yake tsaye.

Shekara goma sha huɗu Yaya ta yi tana wannan aiki, fensirinta a ɗaure da zare a wuyanta, daga nan ta samo sunanta. Ita ta kawo ni nan. Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara huɗu, Yaya ce ta yi mini wanka, ita ta raka ni makaranta, ita ta tsaya a ƙofar ofishin ɗaukar ma'aikata da takarduna a hannu har aka gaji da ganin ta aka karɓa. Ita ta koya mini bambanta kan da ya fito da kan da ya fara zubarwa. A gida Auta take ce mini, a fili ma haka, ko a gaban wa.

Magana ta uku ita ce mai tsawon, ku yi mini haƙuri.

Shekara tara da suka wuce, a ƙarƙashin fitilun nan, irin ƙasashen zafi duk sun yi abin da aka san su da shi: kwana tamanin, tamanin da biyar, wasu har casa'in ba su fitar da kai ba. Sai ga layi na ɗari da sha takwas, wanda shi ma daga manoman ƙasar zafi aka karɓo shi, Yaya ta rubuta masa hamsin da huɗu. Ranar Litinin aka hau da taƙaitaccen rahoto bene. Farfesa, wanda a lokacin shi ne babban mai binciken masara, ya zagaye lambar da jan biro ya aika a kira ni. A lokacin ni mataimaki ne kawai, kujerar shugaban fili tana nan babu kowa, saura mako biyu a yi ganawar cike ta, kuma Farfesa ne shugaban masu ganawar. Ya ce mini: "Irin ƙasar zafi ba ya fitar da kai a kwana hamsin da huɗu a ƙarƙashin fitila. Ko an haɗa iri, ko mai rubutun tana barci a tsaye. Je ka duba."

Ku shaida, ya jama'a, cewa ya ce in je in duba. Ba zan ɗora wa mutum abin da bai ɗauka ba, musamman a ranar da aka ɗinka masa sabuwar riga. Ya ce in je, kuma na je.

Na sami layin a tsakiyar dogayen masara masu ganye kore shar babu kai ko ɗaya, shi kuma gajere iya kafaɗata, ƙafa ashirin duk sun fitar da kai, gemu ya fara leƙowa. Na duba allon lamba, ɗari da sha takwas ne. Na duba taswirar shuka, ɗari da sha takwas ne. Na gogi ɗaya da hannu, bununi ya zubo mini a hannun riga. Daga wurin zuwa bene taku ɗari huɗu ne da 'yan kai, kuma a cikin takun nan na yi tunani mai zurfi irin wanda ban taɓa yi a makaranta ba. Na tuna Farfesa ya rubuta littafi guda da ya ce haka ba ta faruwa. Na tuna da kujera. Na tuna da yadda babba yake kallon ƙaramin da ya zo masa da labarin cewa littafinsa ya yi kuskure. A kan matakala na tsaya na kakkaɓe hannun rigata tsaf, na shiga na ce: "Ranka ya daɗe, da alama ta rikita layi ne."

Ya yi murmushi ya ce dama ya sani, ya ce irin mutum mai ido kamata cibiyar take buƙata. Bayan mako biyu na zama shugaban fili. Aikina na farko a kan kujerar shi ne na tsara takardar gargaɗi ga mai rubutu, na sa hannu, Farfesa ya sa nasa a ƙasa. Aikina na biyu shi ne na jawo littafin fili, wanda a ofishina yake kwana, na ɗauki fensir. Ina sanar da masu nazari cewa a duk lambobi babu mai sauƙin kai kamar biyar. Ba ta buƙatar gogewa, 'yar lanƙwasa ɗaya za ka ƙara mata ta zama takwas. Hamsin da huɗu ya koma tamanin da huɗu, ilimi ya zauna lafiya.

Shekara ta zagayo aka sake shuka. Masarar nan, da yake ba ta karanta littafin Farfesa ba, ta sake fitar da kai a kwana hamsin da biyar. Wannan karon Yaya ba ta jira Litinin ba, ta zo ofishina da laka a takalmi ta ce: "Auta, taso ka gani da idonka." Akwai mutum biyu zaune a gabana. Na gyara zama na ce mata a ofis ba Auta ba ne, Shugaba ne, kuma ina da taro. Ta kalle ni ta ce to, Shugaba. Daga ranar har yau ba ta sake kira na da wani suna ba, ko a gidan suna, ko a gidan rasuwa, ko a gaban 'ya'yana. Na kai kuka wurin matata, ta ce ni na ce ofis daban gida daban, yanzu kuma an haɗa mini su ina ƙorafi. Takarda ta biyu ta fita a makon.

A shekara ta uku, kwana hamsin da uku. Yaya ta yanko kai ɗaya ta hau bene da shi, abin da ma'aikacin fili ba ya yi, ta ɗora a kan teburin Farfesa, bununi ya bazu a kan takardunsa. Ya ce kan masara ai daga ko'ina ana iya yanko shi. Ta ce to ya taka ya gani, ba nisa. Ya ce jirgi zai kama, an gayyace shi wani babban taro ya gabatar da ƙasida kan muhimmancin sauraron abin da fili yake faɗa. Kafin ya fita ya tambaye ni, na maimaita masa abin da na saba. Takarda ta uku ta fita, aka cire fensir daga wuyan Yaya aka mayar da ita sito wurin ɓarar masara, aka rubuta cewa layi na ɗari da sha takwas ya gurɓata, a ƙone irinsa. Ni na tsaya a kan ƙonawar, don an san ni da sa ido.

Shekara bakwai ke nan tana siton nan, a kan 'yar kujera, cikin ƙura, tana ɓarar masara da babban yatsa tana zubawa a ambulan. Yatsun sun tsage sun warke sun sake tsagewa. 'Yan'uwanmu sun ce tsufa ne ya fara kama ta shi ya sa aka sauya mata wuri, har suna yaba mini da na rufa mata asiri ban bari an kore ta ba. Na karɓi yabon, kamar yadda na karɓi na yau. Ita kuwa ba ta taɓa gyara musu zancen ba. Tana aiko wa 'ya'yana da tsaraba, tana tambayar karatunsu, amma ƙafarta ba ta sake taka ƙofar gidana ba.

Magana ta huɗu ita ce yadda gaskiya ta fito, kuma ina mai baƙin cikin sanar da ku cewa ba da taimakona ta fito ba.

Shekara uku da suka wuce aka kawo mana Dakta da na'urarta mai karanta rubutun gado. Al'adarmu ce mu busar da ɗan ganye daga kowane layi mu ajiye, kuma Allah da ikonSa ganyen ɗari da sha takwas bai shiga wuta ba, don ban tuna da shi ba. Na'ura ta karanta duka. Ta nuna cewa a jikin wannan layi akwai guntun rubutun nan mai tsalle, zaune a wurin da ya kamata ya sa masara ta yi sauri. Amma littafi ya ce tamanin da huɗu, tamanin da biyar, tamanin da uku. Lissafi ya ƙi fita. Shekara guda baiwar Allah nan ta yi tana zargin kanta. Ta sake gwaji sau biyar. Sau biyu aka ɗauko injiniya ya kwance na'urar ya mayar, ya ce lafiyarta lau. Ta rame muna gani, ni kuma kullum da safe ina gaishe ta ina ce mata Allah Ya kawo mafita.

Da ta rasa wanda za ta zarga sai ta nemi littattafan fili na asali, waɗanda ɓeraye suka riga ta fara nazari. Ta zauna ta bi su shafi shafi. Yaya tana rubuta takwas ne da ƙwallo biyu, ɗaya a kan ɗaya, yadda aka koya mata a aji ɗaya. A cikin dubban lambobi, takwas uku ne kaɗai suke da kafaɗa. Dakta ta sauka sito, ta durƙusa ta gaishe da Yaya, ta nuna mata shafin, ta ce abin takaicin shi ne an ƙone irin, ba yadda za a sake gwadawa. Yaya ba ta ɗago daga ɓararta ba ta ce: "Ƙwaya nawa kike so?"

Ashe a shekarar ƙarshe ta rufe ƙafa uku da jakar takarda ta haɗa kowacce da bununinta, yadda ake yi idan ana son iri ya tsaya tsantsarsa, ta ɓoye goyon. Kuma da yake ta san irin masara yana mutuwa idan ya daɗe a ajiye, duk bayan shekara biyu takan shuka ƙafa goma sha biyu a bayan ɗakinta, ta rufe su da jakunkunan da ta ɗinka da takardar buhun siminti don kada masarar maƙwabta ta shiga. Maƙwabta sun ɗauka taɓuwa ce. Washegari ta zo da gwangwanin madara cike da iri. Aka shuka a ƙarƙashin fitila, Dakta da kanta ta riƙa bin layin kowace safiya, ya fitar da kai a kwana hamsin da huɗu. Wannan babban bincike da duniya ke taya mu murna a kansa, wanda sunayen mutum goma sha ɗaya suke samansa, daga cikin gwangwanin madara ya fito, daga bayan zannuwa a cikin akwatin wata mai sakaci.

Cibiyarmu ba ta wasa da gaskiya. Da Dakta ta kai shafukan bene, nan take aka kafa kwamitin gano wanda ya taɓa littafin, aka naɗa mutumin da ya fi kowa sanin littattafan fili ya shugabance shi, wato ni. Mun zauna sau huɗu, an sha shayi. Mun kira Yaya, na tambaye ta da bakina ko tana zargin wani. Ta ce: "Ni da safe nake karɓar littafi, da rana in mayar. Inda yake kwana, Shugaba ya fi ni sani." Sakatare ya rubuta cewa mai ba da shaida ba ta da masaniya. Rahotonmu ya ce ba a iya tantance mai laifi ba, ya kuma ba da shawarar a ƙara sa ido. A ƙarshen ƙasidar da aka buga akwai layi ɗaya da ya gode wa ma'aikatan fili, musamman shugabansu. Takardu uku kuwa suna nan a fayil, domin babu wanda ya nemi a cire, kuma fayil ba ya cire wa kansa takarda.

Magana ta biyar ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce roƙona.

Jiya bayan an tashi daga aiki na je gidan Yaya. Na same ta a tsakar gida tana wanki, ta turo mini kujera da ƙafa. Na zo mata da dabara mai kyau, don ku sani ni ba a bar ni a baya ba wajen dabara. Na ce zan sami Farfesa a keɓe, a janye takardun bisa tausayawa ga tsohuwar ma'aikaciya, ta karɓi shaidarta, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Ta matse zanen da ke hannunta ta ce ba ta yi abin da za a tausaya mata ba, kuma in tausayi ne a bar takardun inda suke. Na ce to ta yafe wa Farfesa, mutum ne, ya yi kuskure. Sai ta ajiye wankin ta dube ni, karo na farko da ta yi mini kallo mai tsawo cikin shekarun nan, ta ce:

"Ni ban riƙe Farfesa ba. Shi bai taɓa zuwa layin ba. Kai ka je."

Na miƙe daga kan kujerar. Na yi sallama na fito, kunya tana cin raina irin wadda ban taɓa ji ba, ni da furfura a gemu.

Saboda haka, mai girma shugaban taro, mai girma Farfesa, 'yan jarida, abokan aiki: a matsayina na shugaban kwamitin bincike, ina gabatar da rahoton da ya kamata a ce na gabatar tun bara. An gano mai laifi. Ni na mayar da biyar takwas sau uku. Ni na tsara takardun gargaɗi uku ina sane da cewa ƙarya ce. Ni na tsaya aka ƙone iri. Ni na bar Dakta ta yi shekara tana zargin kanta. Ni na zauna a kan kujera na tambayi yayata ko tana zargin wani. Na san abin da dokar aiki ta tanadar wa wanda ya sauya sakamako, don ni nake karanta wa sababbin ma'aikata sashen, kuma na san 'yan shekaru ne suka rage mini in fita da mutuncina. A yi mini abin da doka ta ce, ba na neman sassauci.

Ga takarda nan na buga, layi huɗu ce. Ta ce an janye gargaɗin nan uku domin abin da ma'aikaciyar ta rubuta shi ne abin da ya faru. Hannu biyu take buƙata, na waɗanda suka sa hannu a na farko. Na sa nawa. Farfesa, ranka ya daɗe, ga ta nan na ajiye a gabanka. Ban zo don in ɓata maka rana ba, binciken nan naka ne da Dakta kuma gaskiya ne, tafin da aka yi muku halal ne. Kuskurenka ɗaya ne, ka yarda da ni. Ba na roƙon ka hau jirgi, ba na roƙon ka taka fili, wannan karon tafiyar ba ta wuce tsawon hannunka ba.

Ya Allah, Ka albarkaci wannan taro da duk wanda ya halarce shi. Ka ƙara wa malamanmu ilimi, Ka ƙara musu ƙarfin ƙafa. Ka saka wa Dakta da alheri bisa haƙurinta. Ka sa wannan iri ya amfani manoman da ba za su taɓa jin sunan kowa a cikinmu ba. Ka kare ma'aikatan fili daga maciji da yankan ganye da shugaba irina. Ka ba ƙananan ma'aikata ƙarfin halin faɗin abin da suka gani, Ka ba manya kunnen ji. Ka jiƙan mahaifiyarmu, Ka yafe mini abin da na yi wa wadda ta bar ni a hannunta. Ka mayar da kowa gidansa lafiya, Ka sa ya tarar da iyalinsa lafiya. Amin.

Yaya, tun da na hau nan ban iya ɗaga ido zuwa kujerun baya ba, don haka ban sani ba ko kin zo. Idan kina nan, ga shi na faɗa a gaban mutane: na je, na gani, kwana hamsin da huɗu ne. Idan kuma ba ki zo ba, daga nan ƙofarki zan nufa in sake faɗa, ko da ba ki turo mini kujera ba.

Jama'a, kun saurare ni fiye da minti goma, Allah Ya saka muku da alheri. Na gode.